Ɗaukar ɗan kwikwiyo na farko a Damagaram: daga gidan mai karya har ya cika wata huɗu

Ɗan kwikwiyon da zai mutu a hannun sabon mai shi, galibi kafin ya cika wata huɗu yake mutuwa. Abubuwan da ke kashe shi kuma sanannu ne: raba shi da uwa tun yana shan nono, tsutsar ciki, zawon jini, kaska, da zafin bazara. Yawancinsu daga gidan da aka haife shi yake tahowa da su. Saboda haka rabin aikin a gidan mai karya ake yin shi, kafin ko dala ta fita daga aljihu.

A fara gamawa da cikin gida

A garinmu maganar kare ba ta rabuwa da maganar addini, gwamma a gama da ita tun farko. Hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta, tsaron dabbobi da tsaron gona, malamai da dama kuma sun shigar da gadin gida idan akwai buƙata. Kan ciniki, Risala ta kawo hanin sayar da karnuka, sannan ta ce an yi saɓani game da wanda aka yi izinin riƙewa. Shi ya sa har yau wasu masu karya ba sa yanka kuɗi, sai su ce a ba da abin goro. Mai gida ya tambayi malaminsa, ya kuma ji ta bakin uwargida, don ita za ta wuni da kare a tsakar gida, ita za ta riƙa kau da buta, randa da tabarmar salla daga gabansa. Idan gidan haya ne ko gidan gandu, a nemi yardar kowa. Karen da rabin gida ba ya so, da jifa da tsawa zai girma, kuma irinsa ne ke zama mai cizo.

Sai a tsayar da mutum ɗaya babba wanda abinci da magani ke wuyansa. Yara za su yi alkawari, za su cika shi sati biyu. Kare kuwa yana kai shekara 10 zuwa 13.

Lokacin ɗauka ma abin dubawa ne. Wanda aka ɗauka tsakanin Nuwamba da Janairu zai gama alluransa, ya yi ƙwari, kafin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40. Da damina kuwa kaska, ƙuda da tsutsa ne ke yawa.

Wane iri

Don gadin gida da zama da yara, karen gida namu mai gajeren gashi, wanda nauyinsa ke tsayawa wajen kilo 15 zuwa 20, ya fi kowane dacewa da Damagaram. Yana jure zafi, ba ya cin abinci da yawa, yana da kunne, kuma haushi shi ne yawancin aikin gadi. Ɓarawo hayaniya yake gudu. Karen Azawak, dogon nan siriri na Buzaye, namijinsa kilo 20 zuwa 25 ne, an san shi da riƙe mutanen gidansa da ƙin sakin jiki da baƙo. Amma kare ne na gudu. A gida mai ƙaramin fili, ba mai fita da shi safe da yamma, zai takura, ya koma kan kaji da ƴan awaki.

Na waje da ake kawowa daga Yamai, Kano ko Jos, lissafinsu daban ne. Berje na Jamus yana kai kilo 30 zuwa 40, kuma ciwon ƙugu na gado ya yi yawa a cikin irin, wanda ba ya nunawa sai kare ya girma ya fara jan ƙafafun baya. Rotwaila yana kai kilo 50, Burbul na Afirka ta Kudu ya wuce haka. Na Kokeshiya mai tulin gashi an yi shi ne don duwatsu masu ƙanƙara, ajiye shi a nan azabtarwa ce. Masu gajeren hanci kuma ba sa iya fitar da zafi ta haki yadda ya kamata. Kare mai kilo 40 yana cin kusan ninki biyu na abin da karen gida ke ci, maganinsa ma da kilo ake auna shi. Kuma ƙaton kare a hannun wanda bai taɓa horar da kare ba, a gidan da almajirai, masu kawo ruwa da ƴaƴan maƙwabta ke shiga ba sallama, haɗari ne da bai kamata a fara da shi ba.

Tsakanin namiji da mace: mace ta fi zaman gida, amma tana yin zafin neman namiji, na farko tsakanin wata 6 zuwa 12, kusan sati uku kowane karo, kuma a lokacin karnukan unguwa za su tare a ƙofa. Cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka. Namiji shi ne mai tsallake katanga. Dandaƙa a hannun likitan dabbobi tana rage wannan.

Yadda ake tunkarar mai karya

Hanyoyin samu uku ne: maƙwabci ko ɗan'uwan da karyarsa ta haihu, mafarauta da makiyaya, sai masu kiwon na waje don sayarwa, waɗanda yawancin tallarsu a Facebook da WhatsApp take. Ƙa'idar ɗaya ce a duka ukun: ka je inda uwar take, ka gan ta da idonka tare da ƴaƴanta. Wanda ya ce zai kawo maka ɗan kwikwiyo tasha, ko bakin Kasuwar Dole cikin kwali, ko ka fara turo kuɗi a sa shi a mota, ya ɗauke maka duk abin da za ka duba. Hoto ba shaida ba ne. Idan nisa ya hana zuwa, a nemi kiran bidiyo kai tsaye, a ce ya ɗaga ɗan, ya buɗe bakinsa, ya nuna shi yana kusa da uwa, sannan a tura wani amintacce ya gani kafin a biya.

Idan ka je, kada ka buɗe da tambayar kuɗi. Mafarauci ko dattijon da ya daɗe da karnuka yana auna mai zuwa kamar yadda ake auna ƴaƴan karyarsa. A gaisa sosai, a zauna, sannan a ce, "Baba, mun ji karyarku ta haihu, muna neman ɗaya don gadin gida, akwai yara ƙanana. Wanne kuke gani zai dace da mu?" Shi ya kwana da su, ya san mai rigima, ya san mai tsoro. Daga nan sauran tambayoyi za su shiga cikin hira, ba kamar tuhuma ba. Yaushe ta haihu, ana sallar me ko ranar wace kasuwa? Nawa ta haifa, nawa suka rage, waɗanda suka mutu me ya same su? Wannan haihuwarta ta nawa ce? Uban na wane gida ne, za a iya ganinsa? Me suka fara ci? An ba su maganin tsutsa? Uwar ta taɓa cizon mutum?

Tambayar waɗanda suka mutu ita ce mafi nauyi. Idan aka ce biyu sun mutu satin jiya da amai da zawo, ka yi godiya ka tashi, ka wanke takalmanka kafin ka shiga wani gida mai kare. Wanda ya rage yana iya zama lafiya a ido yau, cutar ta bayyana bayan kwana 3 zuwa 7.

Mai kiwo na kirki shi ma zai tambaye ka: gidan da katanga? Da inuwa? Wa zai kula da shi? Kada ka ji haushi, alama ce mai kyau. Wanda ya kamata a yi shakkarsa shi ne mai iri biyar a lokaci guda ba uwa ko ɗaya, mai cewa yau kawai ya rage, mai gaggawar ka karɓa yana sati huɗu. Idan za a ba da kafin alƙalami don a ajiye maka, a yi shi gaban shaida, a ɗauki hoton ɗan ta gefe biyu don kada a musanya, a kuma yi magana a fili: idan likita ya duba cikin kwana biyu ko uku ya ga ciwo, za a mayar ko kuwa?

Uwa da wurin kwanciya

Tsaya daga nesa ka kalli uwar. Karya mai jego za ta yi haushi, ba laifi. Abin lura shi ne ko tana kwantar da hankali idan mai ita ya yi magana. Wadda ke ɓuya tana karkarwa, ko wadda sai an riƙe ta da sarƙa mutum biyu, ƴaƴanta suna ɗaukar wannan hali ta jini da ta koyi. Dubi nononta: idan bai saki ba, ba ita ta haife su ba, an jera maka wata ce. Dubi kunnenta da tsakanin yatsunta ko da kaska, fatarta ko da kirci. Sannan dubi ƙasa. Kashin ƴan kwikwiyo masu lafiya a dunƙule yake. Mai ruwa, mai majina, mai jini, ko wari mai tayar da zuciya, ya isa dalilin fasawa.

Shekarunsa a bakinsa suke

Kada a ɗauke shi kafin sati 8. Tsakanin sati 5 zuwa 8 ne yake koyon abin da mutum ba ya iya koya masa da sauƙi: idan ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan, uwa kuma ta tsawata. Wanda aka raba da wuri yakan tashi da cizon hannu mai zafi, kukan dare da tsoro. Masu sayarwa kuwa suna ƙara sati, don ciyar da ƴan kwikwiyo shida ba wasa ba ne.

Ana gane gaskiya da haƙora. Idanu suna buɗewa a kwana 10 zuwa 14. Haƙoran nono suna fara fitowa wajen sati 3, su cika 28 tsakanin sati 6 zuwa 8, ƙanana masu tsini kamar allura. Idan ka ɗaga leɓe ka ga na gefe ba su gama hudowa ba, yana tafiya yana tangaɗi, bai kai ba. Daga wata uku da rabi zuwa huɗu na gaba suke fara zubewa, manya su maye, zuwa wata 6 ko 7 ya cika 42. Wannan yana kama ƙaryar da ake yi ta ɗaya gefen: a kawo tsumburarren kare mai wata biyar a ce wata biyu ne na babban iri.

Tunda bakin yana buɗe, dubi dasashi. Ja-ja mai ɗanshi ake so. Danna da yatsa, wurin zai yi fari, ya dawo da launinsa cikin daƙiƙa biyu. Dasashi fari fat yana nufin tsutsa ko kaska sun sha jininsa. Ido ya zama garau ba kwantsa mai ruwan ɗorawa, hanci ba majina mai kauri, kunne ba wari. Ja fatar wuya ka saki, ta koma nan take. Idan ta tsaya a tsaye, ruwan jikinsa ya ƙare. Juya shi rigingine: cikin da ya kumbura kamar tulu alhali haƙarƙari a waje, tsutsa ce, ba ƙoshi ba. Taɓa cibiya ko akwai ƙullutu mai laushi. Dubi ƙarƙashin wutsiya ko zawo ya bushe a gashi. Ajiye shi ya yi tafiya, ƙafafun gaba su zama a miƙe. Tafa hannu a bayansa ka ga ko zai waiwayo.

Wajen hali, tsuguna ka kira su. Kada ka ɗauki wanda ya maƙale a lungu don tausayi, kada kuma ka ɗauki wanda ke hawa kan kowa yana ƙwace komai. Na tsakiya ake so wa gida mai yara: ya zo ya sansana, ka ɗaga shi ya ɗan yi mutsu-mutsu sannan ya lafa. Kuma a ce wa mai shi kada a yanke masa kunne ko wutsiya. Ba ya ƙara ji, ba ya ƙara zafin nama, ƙuda ne kawai ke samun wurin zama.

Karne da allurai

Masu sayar da na waje sukan miƙo littafin rigakafi, karne, su ce an yi komai. A buɗe a duba. Kowace allura ta gaskiya tana da ƴar takardar da aka ɓare daga jikin kwalba aka manna, da lambar kwalbar, da ranar ƙarewar aiki, da kwanan wata, sa hannu da tambarin likita. A kira lambar likitan a tabbatar. Haruffan da ke jikin takardar na Faransanci ne: C na cutar Carré, sunan likitan Faransa da ya gano ta a 1905 (ba kalmarmu ta kare ba ce, haɗuwa ce kawai), H na ciwon hanta, P na parbo mai zawon jini, L na cutar fitsarin ɓera, R na haukan kare. Ɗan sati 8 da aka rubuta masa R abin tambaya ne, don ita a wata uku ake yinta. Kuma babu ɗan sati 8 da aka gama wa allurai.

Tsarin shi ne: ta farko a sati 6 zuwa 8, a maimaita kowane sati 3 ko 4 har ya kai sati 16, ta hauka a sati 12, sannan a maimaita bayan shekara. Dalilin maimaitawar yana da muhimmanci, don a nan mutane ke yanke hanya. Kariyar da ya sha a nonon farko na uwa tana kashe ƙarfin allura, kuma tana ƙarewa a hankali, a wani ɗan sati 8, a wani sai sati 14, ba mai sanin ranar. Ana maimaitawa ne don ɗaya ta faɗa daidai lokacin da jikinsa zai karɓa. Allura ɗaya tak caca ce.

Ruwan allurar yana son sanyi na digiri 2 zuwa 8. Da ɗaukewar wuta da zafin garin nan, kwalbar da ta kwana a aljihu ko a kan tebur ruwa ce kawai. A yi ta a ofishin kula da dabbobi ko wurin likitan dabbobi mai firiji, ka ga an ciro ta daga sanyi a gabanka. Karen gida da aka karɓa kyauta shi ma wannan tsarin zai bi, parbo ba ta tambayar asali.

Hanya da daren farko

A ɗauko shi da sassafe, a kwali mai huda da tsumma a ƙasa, kada a ba shi abinci awa uku kafin tafiya. Ba a sa shi a but ɗin mota, ba a ɗaure kwalin a bayan babur cikin rana. Roƙi mai shi ɗan tsumman da suke kwana a kai, da abincin kwana uku irin wanda ya saba. Canjin abinci rana ɗaya yana kawo zawo, a riƙa gauraya sabo da tsoho har sati guda.

Wurinsa ya zama a shirye: rumfar zana ko gindin bishiya inda inuwa ba ta gushewa da azahar, nesa da madafa da randunan sha. Ɗakin kwano ƙanƙane tanda ne, a watan Mayu yana iya kashe shi cikin awa ɗaya. Daɓen siminti ya fi rairayi don ana wanke shi. Da hunturu a sa buhu da tsumma, a tare iskar gabas. Zai yi kuka dare biyu ko uku. Tsumman uwarsa da kwana kusa da inda yake jin motsin mutane suna rage shi. Duka ba ya ragewa.

Har sai sati ɗaya ko biyu bayan allurar ƙarshe, ƙafarsa ba ta taka titi, bola ko inda karnukan unguwa ke kashi. Ƙwayar parbo tana zama a ƙasa watanni, a inuwa har kusan shekara, tana kuma shigowa a takalmi. Abin da ke kashe ta a kan siminti da kwanoni shi ne ruwan jabel, kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30, a bar shi minti 10. A kan rairayi ba ya aiki, sai dai a kwashe ƙasar. Gidan da kare ya mutu da zawon jini kwanan baya bai kamata a kawo masa ɗan da bai gama allurai ba.

Amma kada tsaron ya zama kulle. Daga sati 3 zuwa wajen 14 ne ƙwaƙwalwarsa ke karɓar sabon abu ba tsoro. A cikin gida ya ga mai rawani, mai hijabi, mai sanda, almajiri da robarsa, mai kawo ruwa da jarkokinsa, ya ji ƙarar babur da ta turmi, ya zauna kusa da kaji da awaki yana riƙe a igiya. Mutane suna cewa idan ya saba da kowa ba zai yi gadi ba. Ba haka ba ne. Gadi yana zuwa da kansa idan ya balaga, kuma wanda ya san mutanen rana shi ne ke bambance na dare.

Abinci da ruwa

Sau huɗu a rana har wata 3, sau uku har wata 6, daga nan sau biyu. A ajiye kwano minti 15 a ɗauke, don abinci yana lalacewa da wuri a zafi. Idan abincin gida ne, ɗan wata biyu zuwa uku yana cin kusan kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na nauyinsa a rana: mai kilo 3, wajen giram 180 zuwa 240, a raba huɗu. Ma'aunin gaskiya hannu ne: ka ji haƙarƙarinsa idan ka shafa, amma kada a gan su daga nesa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ragowar tuwo da ƙanzo kaɗai. Ciki zai cika, jiki ba zai ginu ba, gashi ya bushe, ƙafafu su lanƙwashe. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kwanon ya zama nama, tumbi, huhu, kifi marar ƙaya ko ƙwai, duka dafaffu. Sauran tuwon hatsi ko shinkafa mai laushi, da ɗan kabewa ko dankali. Hanta kaɗan, sau biyu a sati. Nama zalla shi ma yana lalata ƙashi, don ba shi da sinadarin gina ƙashi. Ana gyara wannan da ɓawon ƙwai da aka tafasa, aka shanya, aka daka ya yi laushi kamar gari: rabin ƙaramin cokali ga rabin kilo na nama. Ga manyan iri na waje kada a yi ta ƙiyasi, yawan sinadarin yana ɓata musu gaɓoɓi. Su abincin buhu na ƴan kwikwiyo ya fi aminci, kuma wanda ke cin na buhu ba a ƙara masa komai.

Madarar shanu ɗanya da ta gari suna sa zawo. Nono mai tsami cokali biyu ba laifi. Miyar gida ba tasa ba ce, saboda albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare, ga yaji da gishiri. Haka kilishi da tsire. Goro, ganyen shayi, cakulan da inabi guba ne gare shi. Ƙashin kaza ko na zabo dafaffe yana tsagewa ya huda hanji.

Da Sallar Layya a kula ƙwarai. Huhu ko hantar da aka gani da ƙullutu mai ruwa kamar ƙwai, kada a jefa wa kare, a binne da zurfi ko a ƙone. Daga nan yake ɗaukar wata ƙaramar tsutsa da ba ta damunsa, amma ƙwanta na fita a kashinsa, ya shiga cikin mutum ya yi irin wannan ƙullutu a hanta ko huhu, sai fiɗa.

Ruwa kuwa, babban kare yana shan mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo a rana, ƙarami ya fi haka, da bazara ya ninka. Ranar da famfo bai zo ba, a cire rabonsa tare da na gida. Kaskon ƙasa ya fi kwanon ƙarfe riƙe sanyi, kuma ba ya kifewa.

Tsutsa, kaska, da magungunan da ke kisa

Kusan kowane ɗan kwikwiyo da tsutsa ake haifarsa, tana ratsawa tun daga mahaifa da nono. Magani kowane sati 2 har ya kai sati 12, sannan kowane wata har wata 6, daga nan kowane wata uku. A auna nauyinsa kowane karo. Pirantel miligiram 5 ne ga kilo, fenbendazol miligiram 50 ga kilo kwana uku a jere, pirazikwantel na tsutsa mai faɗi miligiram 5 ga kilo. A kwashe kashinsa kullum, yara su wanke hannu kafin cin abinci, musamman masu rarrafe da ke kai ƙasa baki.

Kaskar kare a tsagar bango take ɓuya ta yi ƙwai, shi ya sa ake cire ta yau gobe ta dawo. Tana sa zazzaɓin da ke shanye jini, har kare ya yi haɓo ko fitsari ja. A duba kunne, wuya da tsakanin yatsu kowace yamma, a kama ta dab da fata a ja a miƙe, a liƙe tsagogin bango. Maganin kaska mai suna Fipronil, na fesawa ya dace da ƙanana, na ɗigawa a wuya sai sati 8 da kilo 2. Abin da ba a yi: piya-piya, maganin ƙwarin gona, baƙin mai, kalanzir, ko maganin wankan shanu da aka dama da ka. Fatarsa tana tsotsewa, yana kuma lasa, sai dalala, karkarwa da mutuwa. Allurar ibamektin ta shanu ma ɗigo kaɗan ne tsakanin magani da guba a jikin mai kilo 3, a bar wa likita. Parasetamol, ibuprofen da diklofenak na mutane ba a ba shi. Bakin kunnen da ƙuda ke ci, a wanke a shafa man basilin.

Horo da yara

A kai shi lungu ɗaya da ya tashi barci, bayan ya ci, da bayan wasa. Ya yi a wurin, a yabe shi nan take. Ɗan wata biyu ba ya riƙe fitsari fiye da awa biyu. Tura hancinsa cikin kashi yana koya masa ɓoyewa ne kawai. Kalmomi uku sun isa farko, zo, zauna, bari, kowa a gidan da kalma iri ɗaya, minti biyar sau biyu ko uku a rana, da ɗan yankan dafaffen nama a hannu. Kada a kira shi da "zo" sannan a doke shi. Idan ya ciji hannu a wasa, a janye hannun a bar wasan, a miƙa masa igiya mai kauri ya tauna. Ba a ɗaure shi wuni da kwana, ba a ba shi barkono ko wani abu wai don ya yi zafi. Sarƙa ta dindindin ita ke haifar da karen da ranar da ya kuɓuce yaron gida zai fara kamawa.

Yara su san abu uku: ba a taɓa shi yana ci, ba a tashe shi yana barci, ba a hawansa ko jan wutsiya. Yaro ƙasa da shekara shida ko bakwai ba a barinsa da kare su biyu, komai sabo.

Ranar da ba a jira gobe

Ɗan kwikwiyon da ya ƙi abinci sau biyu a jere, yana amai, ya kwanta lakwas, a kai shi likita ranar, kafin jini ya bayyana a zawo. Parbo rashin ruwa take kisa da shi, ƙarin ruwa da wuri ke ceto, kuma ɗura wa mai amai ruwa ta baki ba ya isa. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne da ɗan ɗoriya. Kwantsa da majina masu kauri tare da tari, daga baya tsoka ta riƙa zillo, alamar Carré ce. Haki mai tsanani, harshe ja wur, tangaɗi da rana tsaka: a kai shi inuwa, a jiƙa ciki, cinyoyi da ƙafafu da ruwan randa, a yi masa fifita, sannan a tafi.

Cizo kuma, ko na ɗan kwikwiyo ne, ko ƙarzane ne da ya fasa fata, ba a raina shi idan ba a san asalin kare ba ko bai samu allurar hauka ba. Ƙanana ma suna ɗauke da ita, shi ya sa ba a tsinto ɗan kwikwiyo a bola a kai wa yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan duk haukan da ke kama mutane daga kare yake, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum babu magani. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba minti 15 cur, a duba agogo, kada a ɗaure, kada a sa toka ko gashin karen, a tafi asibiti a ranar don allurai. Karen kuma kada a kashe shi, kada a kore shi: a killace shi da abinci da ruwa, likitan dabbobi ya sa masa ido aƙalla kwana 10, a riƙa kai wa asibitin labarin halin da yake ciki.